Notin Birki da Ƙarfin Murɗi: Yadda Ake Gano Awon da Ya Dace da Tsohuwar Mota

Gabatarwa

A duk jikin mota da wuya a sami ƙaramin ƙarfen da rayukan mutane suka rataya a kansa kamar notunan nan biyu da ke bayan kowace tayar gaba. Kowannensu bai fi tsawon ɗan yatsa ba, direba ba ya ganinsu, fasinja ma bai san da zamansu ba, amma su ne ke riƙe da matsefin birki, wanda makanikai ke kira kalifa. Tambayar da wannan maƙala za ta duba ita ce: da wane irin ƙarfi ya kamata a ɗaure waɗannan notuna, kuma ina ake samun amsar idan motar ta tsufa, littafinta ya ɓata, kamfanin da ya ƙera birkin ma wataƙila ya sauya hannu tuni?

Tambayar ta shafi masu adana tsofaffin motoci a Turai da Amurka, inda abin ya zama sha'awa mai cin kuɗi. A Ingila, alal misali, motar da ta shekara 40 tana iya shiga rukunin motocin tarihi wajen biyan haraji. Ta kuma shafe mu, domin irin motocin da suke lallaɓawa a can su ne wasu daga cikinmu suka girma a ciki. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, kuma masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Faransa. Marsandi ƙirar W123, wadda aka fara a 1976, ita ma ta yi zamani a titunanmu. Duka biyun suna da birki mai faifai a ƙafafun gaba.

Abin da notin ke ɗauke da shi

Birki mai faifai abu ne mai sauƙin fahimta. Akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, ita kuma kalifa tana zaune a gefensa ta haɗiye bakinsa kamar yadda awartaki ke kama ƙarfe a maƙera. Idan direba ya taka birki, man birki ya tura fistin, fistin ya matsa fatun birki a jikin faifan, sai gugayya ta rage gudun tayar. Frederick Lanchester ya yi rajistar irin wannan dabara a Ingila tun 1902, amma ba ta karɓu sosai ba sai bayan da motar Jaguar mai irin wannan birki ta ci tseren Le Mans a 1953, sannan Citroën DS ta fito da shi kasuwa a 1955.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji huɗu na sakandare. A ɗauki mota mai nauyin kilo 1,200 tana gudun kilomita 100 a awa. Makamashin gudun da ke tare da ita ya kai kimanin kilojul 460, kuma birki zai mayar da kusan dukkansa zafi a cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Zafin nan ya isa ya tafasa ruwan randa lita ɗaya da rabi. Idan aka taka birkin da gaske, titi zai ja motar baya da ƙarfin da ya kai wajen Nuton 9,600, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan aiki ƙafafun gaba ne ke yi, wato kimanin Nuton 3,300 a kowace taya. To, amma kalifa ta fi kusa da tsakiyar taya a kan inda roba ke taɓa kwalta: ita tana wajen santimita 11 daga tsakiya, kwalta kuwa tana wajen santimita 31. Saboda haka ƙarfin da faifai ke fizgar kalifa da shi ya kusa ninka wancan sau uku, ya haura Nuton 9,000. Kusan tan guda ke nan, kuma duk a kan notuna biyu.

Noti sifirin ne

Akasarin mutane suna ɗaukar noti tamkar ƙusa ko turke, wato abin da aka zura a rami don ya tokare. Ba haka yake aiki ba. Idan aka murɗa noti, zarensa, wanda makanikai ke kira tiredi, yana jan jikinsa ya miƙe, shi kuma ƙarfen yana ƙoƙarin komawa tsawonsa na asali, kamar danƙon harbin tsuntsu. Wannan ƙoƙarin komawa shi ne ke matse kalifa da ƙashin ƙafar mota wuri ɗaya. Robert Hooke ya bayyana ƙa'idar a 1678: gwargwadon jan da aka yi wa abu mai tsauri, gwargwadon miƙewarsa, muddin ba a wuce iyaka ba.

Miƙewar kuwa ƙarama ce ƙwarai. A ɗauki noti mai kaurin milimita 12, wanda ya ratsa ƙarfe mai kaurin milimita 30. Idan aka ɗaure shi yadda ya kamata, tsawonsa zai ƙaru da kimanin milimita 0.07, wato kaurin gashin kai guda ɗaya. Wannan gashi guda shi ne ke samar da matsi na wajen Nuton 37,000, kusan tan huɗu. Notuna biyu sun ba da Nuton 75,000. Gugayyar da ke tsakanin fuskokin ƙarfe biyu busassu tana iya riƙe kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na matsin da ke kansu, wato Nuton 11,000 zuwa 15,000. Mai karatu zai lura cewa wannan adadi ya ɗara Nuton 9,000 da muka samu a baya. Ashe matsi ne ke hana kalifa motsi, ba tokarewar noti ba. Lissafin na jeka-na-yi-ka ne, injiniyoyi suna yin wanda ya fi shi zurfi, amma ya isa ya nuna inda gizo ke saƙar.

Idan aka ɗaure notin rabin yadda ya kamata, gugayyar ba za ta kai ba. Duk lokacin da aka taka birki kalifa za ta ɗan zame gaba, idan aka yi ribas ta zame baya. Wani injiniya Bajamushe, Gerhard Junker, ya nuna a 1969 cewa irin wannan zamewa ta gefe ita ce babban abin da ke kwance noti, fiye da girgizar da ke bin tsawonsa. Ko notin bai kwance ba, lanƙwasar da yake sha sau dubbai tana haifar da ɗan tsagi a gindin zare, tsagin ya yi ta girma a ɓoye har ranar da ƙarfen zai karye ba sallama. Mu masu nazarin halittu mun san irin wannan a ƙashin ƙafar sojoji da 'yan tsere: ba faɗuwa ɗaya ce ke tsaga ƙashin ba, taku dubbai ne suka taru.

Idan kuma aka wuce gona da iri, notin ya ƙetare iyakar Hooke. Ya miƙe miƙewar da ba zai dawo ba, wuyansa ya sirance, kamar jijiyar idon sawu da ta yi targaɗe ta saki. A ido yana nan lafiya, ya ɗauru tamau, alhali ya riga ya cinye ƙarfinsa.

Mene ne ƙarfin murɗi?

Ba wanda zai iya auna kaurin gashi a cikin notin da ke nutse a ƙafar mota. Don haka aka koma auna abin da hannu ke iya kaiwa gare shi, wato ƙarfin da aka murɗa notin da shi. Ƙarfin murɗi shi ne ƙarfin da aka sa a kan sufana, a ninka shi da tsawon sufanar. Wanda ya danna sufana mai tsawon santimita 30 da ƙarfin Nuton 300, kwatankwacin nauyin kilo 30, ya yi murɗi na Nuton-mita 90, ana rubuta shi 90 Nm. Yanzu a duba abin da ake yi a wasu garejoji: a zura bututun ƙarfe mai tsawon mita guda a kan sufana, yaron gida mai kilo 60 ya hau ya tsaya. Wannan ya kusa 600 Nm, fiye da ninki shida na abin da notin ke bukata. Dabarar tana da amfani wajen kwance notin da tsatsa ta cinye, amma wajen ɗaurewa ɓarna ce zalla.

Ga kuma abin da ya sa batun ya fi yadda ake zato wuya. Daga cikin ƙarfin da aka sa a sufana, kusan rabi yana ƙarewa wajen gugayyar ƙarƙashin kan noti, wajen kashi 40 cikin ɗari kuma a gugayyar zare. Kashi 10 kacal ne ke zama miƙewa. Injiniyoyi suna taƙaita wannan da ƙa'ida mai sauƙi: murɗi daidai yake da matsi, a ninka da kaurin noti, a ninka da wani adadi na gugayya. Ga busasshen ƙarfe mai tsabta adadin yana kusa da 0.2, ga wanda aka shafa wa mai yana iya sauka zuwa 0.15 ko ƙasa. Notinmu mai milimita 12 a 90 Nm yana ba da matsin Nuton 37,500 idan busasshe ne. A ɗiga masa baƙin mai, a sake ɗaurewa da 90 Nm ɗin nan dai, matsin ya tashi zuwa 50,000, alhali irin wannan noti yana fara sakin jiki ne a wajen 54,000. Sufana ba ta yi ƙarya ba, awon bai sauya ba, amma notin ya isa bakin rami. Tsatsa kuwa akasin haka take yi: sufana ta nuna an kai awo tun notin bai miƙe rabin abin da ake so ba.

Wannan shi ne abin da nake son ɗalibi ya riƙe. Adadin da aka rubuta a littafin mota ba sifa ce ta notin ba kamar nauyinsa ko tsawonsa. Alƙawari ne mai sharaɗi: idan notin na asali ne, zarensa mai tsabta, an shafa abin da aka ce a shafa ko an bar shi a bushe yadda aka ce, to wannan murɗi zai ba da matsin da ake bukata. Tsohuwar mota kuwa ita ce wurin da sharuɗɗan nan suka fi karyewa.

Wace kalifa, wane noti?

Neman awo yana farawa ne a ƙarƙashin mota, kafin a buɗe kowane littafi. Kamfanonin mota ba kasafai suke ƙera birkinsu da kansu ba, saye suke yi daga ƙwararru kamar Girling da Lockheed na Ingila, ATE na Jamus, ko Bendix. Ƙirar mota ɗaya tana iya zuwa da kalifar kamfanoni biyu dabam gwargwadon shekara ko ƙasar da aka sayar da ita. Ita kanta 504 ba iri ɗaya ba ce: salun ɗin farko tana da faifai a ƙafafu huɗu, wagon da a-kori-kura kuwa gangar birki ce a bayansu. Bugu da ƙari, motar da ta shekara 40 tana yawo ta ratsa hannun makanikai masu yawa, ba mamaki ƙafarta ta gaba ta wata mota ce aka ciro daga kasuwar kayan gwangwan. Sai a goge kalifar da burushin waya a karanta suna da lambar da aka zuba a jikinta.

Na biyu, notunan jikin kalifa ba ɗaya ba ne. Akwai manya masu ɗaure ta da ƙafar mota, waɗanda galibi awonsu ke tsakanin 70 da 130 Nm. A kalifa mai zamewa akwai ƙanana na sandunan da take zamewa a kai, su kuma sau da yawa 25 zuwa 35 Nm ne. Akwai ɗan sukurun fitar da iska, mai rami a tsakiya, wanda wajen 10 Nm ya ishe shi. Waɗannan alƙaluma na ba da su ne don a san girman abin, ba don a yi aiki da su ba. Akwai kuma notunan da ke haɗa ɓari biyu na kalifa mai fistin a kowane gefe. Littattafan kamfani da yawa sun hana a kwance su sam, shi ya sa sau da yawa ba a buga awonsu ba. Wanda ya raba kalifa biyu don ya ji daɗin wankewa ya jawo wa kansa aikin da ba a sa shi ba.

Na uku, a karanta kan notin. Notin awon mita yana ɗauke da lamba kamar 8.8 ko 10.9. Lambar farko a ninka ta da 100, ita ce jan da zai tsinka shi: Nuton 800 a kan kowace murabba'in milimita ga 8.8. Ta biyun tana nuna kason da zai ɗauka kafin ya fara sakin jiki, wato kashi 8 cikin 10 na 800, 640 ke nan. Notunan Amurka zane ake yi musu a ka: layi uku daraja ta 5, layi shida daraja ta 8. Notin da ba lamba ba zane, na ƙofar gida ne ko gadon ƙarfe, ba shi da gurbi a birki. Haka nan notin ƙarfe mara tsatsa mai alamar A2-70, wanda masu ƙawata tsofaffin motoci ke so don ƙyallinsa: yana fara saki a 450, ƙasa da 8.8 nesa. A ganina wannan yana cikin kurakuran da suka fi haɗari, domin mai yin sa yana ganin gyara ya yi.

Sai batun zare. Joseph Whitworth ya tsara zaren bai-ɗaya na farko a Ingila a 1841, mai kusurwar digiri 55. A 1949 Ingila da Amurka da Kanada suka amince da wani sabo na inci mai digiri 60, kuma shi ne a akasarin motocin Ingila na shekarun 1960. Faransa da Jamus kuwa na mita suke amfani da shi. Wasu daga cikin waɗannan sun yi kama ƙwarai. Namijin zare na inci 3/8 mai haƙora 24 a kowane inci yana shiga cikin ramin milimita 10 mai tazarar milimita 1, ya yi kamar ya zauna, alhali gefen haƙoran kawai ya kama. A bututun man birki wannan yana iya fizgewa a daidai lokacin da direba ya taka da ƙarfinsa duka.

Inda ake samun adadin, da tarkon ma'auni

Littafin gareji na kamfanin da ya ƙera motar, na shekarar da ta dace, shi ne madogara ta farko. Bayansa sai takardun kamfanin birkin, sannan littattafan masu zaman kansu irin su Haynes na Ingila da Revue Technique Automobile na Faransa. Ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci sun ɗauki hoton da yawa daga cikinsu sun sa a intanet. Hoton shafin littafi ya fi adadin da wani ya rubuto daga ka, kuma idan majiya biyu suka saɓa, sai a duba shekara da lambar kalifa kafin a zaɓi ɗaya, domin kamfanoni kan sauya awo idan sun sauya noti. Jadawalin gama-gari, mai nuna awo bisa kauri da daraja, shi ne mafita ta ƙarshe, kuma yana aiki ne kawai idan ƙarfe ke shiga cikin ƙarfe. Idan zaren ramin a cikin alminiyam yake, ramin zai cinye tun notin bai ji komai ba.

An samu adadin, saura a tabbatar da ma'auninsa. Tsofaffin littattafan Jamus da Faransa suna rubuta mkg ko mkp, wato kilogiram-mita, kuma guda ɗaya daidai yake da 9.81 Nm. Na Faransa na baya-baya suna rubuta m.daN, wanda yake 10 Nm cif. Saboda haka wanda ya ga 8.5 a littafin Faransa, 85 Nm ake nufi ko kusa da haka, ba 8.5 ba. Na Ingila da Amurka suna amfani da fam-ƙafa, lb-ft, wanda yake 1.356 Nm. Akwai kuma fam-inci, lb-in, kashi ɗaya cikin 12 na fam-ƙafa. Sukurun iska mai awon 80 lb-in yana bukatar 9 Nm ne. Wanda ya karanta shi a matsayin fam-ƙafa zai ɗora masa 108 Nm, ya murɗe masa kai a cikin kalifa.

Hannu da sufanar awo

Tsohon makanike zai ce hannunsa ya san awo, kuma ba ƙarya yake yi gaba ɗaya ba. A cikin jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi akwai 'yan gaɓoɓin ji masu suna Golgi, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa yawan jan da tsoka ke yi. Sai dai ƙwaƙwalwa tana dogara sosai da yawan ƙoƙarin da ta ji tana yi, shi ya sa gajiyayyar tsoka ke jin abu ya fi nauyinsa. Hannun da ya yini yana aiki zai ce ya isa tun bai isa ba. Haka kuma hannu ƙarfi yake ji, ba murɗi ba, da zarar an sauya tsawon sufana, awon ya rikice. Likitocin haƙori ma, masu dasa haƙorin ƙarfe a muƙamuƙi, da ƙaramar sufanar awo suke ɗaure sukurunsa.

Sufanar awo iri biyu ce aka fi sani: mai allura, wadda sandarta ke lanƙwasa ta nuna adadi, da mai ƙara, wadda ke yin "ƙas" idan an kai awon da aka saita. Mai ƙara tana son a sassauta ta zuwa ƙaramin awonta bayan aiki, kada sifirin ɗinta ya gaji, kuma ƙa'idar duniya ta nemi a gwada ingancinta duk wata 12 ko bayan ɗauri 5,000. Ba a dogara da ita a ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na iyakarta, don haka babbar sufanar notin taya ba ta dace da sukurun iska ba. Ana jan ta a hankali, ja ɗaya mai ɗorewa, a tsaya a ƙara ta farko.

Kafin a kai ga wannan sai an share zaren noti da na rami, an ga notin yana shiga da yatsu ba gardama. Fuskokin da za su haɗu kuma a kankare su har ƙarfe ya bayyana. Masu gyaran tsofaffin motoci suna son fente komai ya yi kyau, amma a tuna cewa miƙewar notin kaurin gashi ce kawai. Fenti mai kaurin milimita 0.05 idan zafin birki ya tausasa shi ya matse, ya tafi da mafi yawan matsin, kuma babu alamar da za a gani a waje. Idan ƙirar ta zo da washa mai harshe da ake lanƙwasawa a gefen kan noti, a sa sabuwa. Idan littafi ya ce a sa gam ɗin zare, a sa, tare da sanin cewa kafin ya bushe shi ma yana rage gugayya. Idan ya ce a sauya notin duk lokacin da aka kwance, a sauya. Bayan an gama a taka birki sau da yawa motar tana tsaye, har fedar ta yi tauri, domin takun farko bayan gyara yakan tafi ƙasa fanko.

Gwaji don ajin kimiyya

Malami zai iya nuna duk wannan da kayan da ba su da tsada: noti da macensa masu milimita 10, ɗan guntun bututun ƙarfe mai kauri da notin zai ratsa, matsar ƙarfe ta ɗakin koyon sana'a, doguwar sufana, da sikelin rataye irin na masu sayar da nama. A auna santimita 50 daga tsakiyar noti a kan sufanar, a maƙala ƙugiyar sikelin a nan, a riƙa ja a miƙe ta gefe, ba a karkace ba. Idan sikelin ya nuna kilo 6, murɗin ya kai wajen 30 Nm. A ɗaure busasshen notin har zuwa wannan awo, a ja layi da alli daga macen notin zuwa jikin bututun. Daga nan a kwance, a shafa wa zaren da ƙarƙashin macen baƙin mai, a sake ɗaurewa har sikelin ya koma kilo 6. Ɗalibai su auna da ma'aunin kusurwa digiri nawa layin allin ya wuce wurinsa na farko, sannan su maimaita da noti mai tsatsa su ga ta wane gefe layin ya tsaya.